Kujerar Ƙarfen Guga

Matso kusa da ni, 'yar'uwa, jawo tabarmarki nan. Maganar da zan yi ba ta son ɗaga murya. Ni ba mai yawo ba ce, duk unguwarmu a Tawa an san inda ake samuna: gindin kurnar tsakar gida, ina kaɗi ko tsintar wake, bakina yana tafiya. Amma daminar bara ta fitar da ni, ta kai ni inda ban taɓa shiga ba. Abin da na tafi da shi goye, ban dawo da shi ba.

Ɗana Illa wanki da guga yake yi. Tun da anka ba mu ƙasarmu, Turawa sunka fara raguwa, 'ya'yanmu sunka hau kujerun biro, wato ofis, sana'arsa ta buɗe. Kowane ma'aikaci yana son farar riga da wando mai kari kamar bakin wuƙa. Teburinsa tsohuwar ƙofar katako ce da ya ɗora bisa tano biyu, manyan gangunan kananzir. Ƙarfen gugarsa irin mai cin gawayi ne, mai ɗan zakara a goshi wanda ke riƙe murfi. In zai juya riga, sai ya ajiye ƙarfen bisa wani gwangwanin sardin da ya kife a bakin tebur. Shekaru yana haka. Ba wanda ya taɓa kallon gwangwanin nan sau biyu.

Matarsa Rabi ɗiyar garin Barmu ce. Ɗansu na fari Sha'aibu, bai cika shekara huɗu ba. Ni Maigida nike ce mishi, tunda jika mijin kaka ne. Kullum da safe muna kan faɗanmu.

"Maigida, yau ma ba cefane?"

"Ke tsohuwa, na sake ki. Ba ki da haƙora."

"To wa zai dama maka fura?"

"In kin dama, na maida ki."

Rabi kuwa, yaron nan bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Kin san kunyar ɗan fari. "Wancan" take cewa, ko "yaron nan". In ya faɗi a gabana ba ta ɗaga shi, sai ta juya kai kamar ɗan maƙwabta ne. Mata suna yabonta, suna cewa na yi dacen suruka. Haka anka tashe mu duka. Ni ma babban ɗana yana can Affala yana noma, gemunsa ya fara fari, har yau sunansa bai fita bakina ba. Shi ma Maigida "Rabi" yake ce mata, kamar yayarsa.

Ana gab da bikin ƙasa abin ya faru, kaya sun taru wa Illa kamar tsauni. Da hantsi ne. Ya zuba sabon garwashi, ya ɗora ƙarfen bisa gwangwanin, gwangwanin kuma yana kan wani zanen gado da bakinsa ke lilo har ƙasa. Sai anka yi sallama a ƙofa, ya fita. Yaran maƙwabta suna wasan ɓuya a tsakar gida. Maigida ya ruga zai shige ƙarƙashin tebur, ya kama bakin zanen nan zai rufe kansa. Ni na ba su baya. Rabi ce ke kallo, tana bakin murhu.

"Kai! Kai yaro!"

Duk yaran sunka waiwayo, ban da shi. Ina zai san da shi take? Ya ja. Gwangwani ya goce, ƙarfe ya sauko, zakaran ya buɗe. Garwashi ya zube mishi a kafaɗa da ƙirji, gindin ƙarfen ya kwanta a damtsensa. Ƙarar da ya yi, 'yar'uwa, ba zan kwatanta miki ba. Ina da kunne, mutane na cewa ina jin tafiyar tururuwa, amma ranar nan na so a ce kurma ce ni.

A ƙasarmu ta Adar wuta ta maƙera ce, kowa ya san haka. Illa ya sungume shi sai maƙerar Ɗan Tani, ina biye da su ba takalmi. Tsohon ya ajiye guduma, ya yi tofi, ya shafa wani abu mai sanyi daga ƙaho, bai karɓi komi ba. Ba zan ci amanarsa ba: kukan ya lafa, yaron har ya yi barci a kafaɗar ubansa. Da ya ji yadda anka yi, sai ya dubi Illa.

"Ƙarfe da wuta a cikinsa kaka ɗora bisa gwangwanin kihi? Ni da na gaji wuta tun kakanni, ba ni yi mata wanga raini."

Illa ya gyara ɗansa a kafaɗa, munka dawo gida.

Satin farko gidan ya cika da masu dubiya, kowa da maganinsa a baki. Wannan ta ce man shanu, waccan ta ce ɗanyen ƙwai, wani malami ya ce a shafa tawada. Sai ga ƙanwata Hajo daga Affala, ta biyo jakunan kasuwa, da ƙulli a bakin zane: gashin zomo da busasshen kashin shanu da ta dake ya yi laushi.

"Yaya, da wanga anka yi wa kowa. Kin manta ƙafar Baba? Shi ka shanye ruwan ƙuna."

Ban manta ba. Anka barbaɗa, anka lulluɓe da gashin.

Muna da maƙwabta Kirista, mutanen kudu, Mushe Yohanna malami mai koyarwa a lakwal, makarantar boko, da matarsa Saratu, wadda muke ce wa Madam. Ta shigo da 'yar madara a kwano, ta ɗaga zanen da anka rufe shi, ta daɗe tana kallo.

"Inna, don Allah a kai shi gidan likita. Yau, ba gobe ba."

Hajo ta taɓe baki. "Su Madam, ko tuntuɓe anka yi sai likita. Mu da munka girma ba allurar pikir, ga mu nan ba mu mutu ba."

Madam ta ajiye madararta ta fita. Kafin satin ya ƙare sai wari ya fara tashi. Kin san ƙudajen damina, da mafici biyu muke korarsu ba sa barinsa. Jikinsa ya yi zafi kamar tukunya. Ranar da na ce "Maigida ina cefane" ya juya mini ƙeya bai sake ni ba, na ce da Illa ya samo amalanke.

Sati na biyu a layin gidan likita na yi shi. Ka je da sassafe ka tarar wasu a can sunka kwana: Buzaye daga arewa da raƙumansu durƙushe a bayan katanga, mata masu ciki, wani tsoho da maciji ya sara a gona. Rana ta take, hadari ya haɗu ya watse, kana nan. Wata Buzuwa da ba mu jin harshen juna ta ga yaron a bayana, ta ja hannuna ta sa ni a gabanta. Allah Ya saka mata, ban ko san sunanta ba.

Babban mai jinya, wanda suke ce wa Majo, dogo ne mai faɗa. Da ya buɗe ciwon sai ya ja da baya.

"Wa ya yi wanga gini a jikin yaro? Kun ɗauka katanga ce kuke yaɓe?"

A gaban jama'a ya wanke ni tas, ni da a shekaru na haife shi. Na ji zafin maganar har yau. Amma hannunsa, wallahi, ya fi bakinsa tausayi. Ya zauna yana jiƙa gashin zomon nan yana cirewa ɗaya ɗaya, gumi na ɗiga daga hancinsa. Ni ce na danne ƙafafun. Maigida yana ihu yana dubana.

"Tsohuwa, na sake ki! Saki uku! Ba ni maida ki!"

Mutanen da ke bakin taga sunka yi dariya, wata kuma ta sa gefen zane a ido. Majo ya ce, "Madalla, namiji. Sake ta, ni zan aure ta."

Daga nan sai wankin ciwo, pansama suke cewa, rana ɗaya a je rana ɗaya a huta. Wani maganin a ba ka, wani a ce ka saya. Akuyata ta tafi kasuwar Lahadi. Bayanta sai na tashi da safe na ga tasoshin auren Rabi jere a bakin ɗakina, an goge su suna walƙiya. Na gane ita ta jera su, na aika anka sayar. Ko sau ɗaya ba ta bi mu gidan likita ba. Yaya za a ga uwa tana bin ɗan fari a titi? Amma in mun dawo, tun daga lungu nike jin taɓaryarta ta tsaya, sai mun shigo ta ga yana motsi sannan ta ci gaba da daka.

Bandeji ya yi ƙaranci, Majo ya ce mu riƙa tafasa tsofaffin, mu shanya, mu goge su da ƙarfe mai zafi. Rabi ta karɓi tafasawa. Guga kuwa ta gagara, don tun ranar nan Illa bai ƙara taɓa ƙarfensa ba, kayan mutane ma ya maida musu a cukurkuɗe. Madam ta ce a kawo wurinta. Da Illa ya kai mata, a nan ya ga abin. A ƙarshen teburinta akwai wani faranti na ƙarfe mai huji-huji, an tada mishi baki ta ko'ina, yana tsaye bisa gajerun ƙafafu don kada zafi ya taɓa katako, an kuma kafe shi da ƙusoshi a jikin teburin. In ta zaunar da ƙarfen a ciki, ko an ja zane, ko an bangaji tebur, ba ya motsi. Ta ce wani maƙeri ya yi mata a garinsu tun tana amarya.

Ita ta ba ni labari daga baya. Ta ce Illa ya tsaya yana kallon abin nan, ya kama shi ya girgiza, ya sake girgizawa da ƙarfi, sannan ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da bandejin ɗansa.

Washegari ya kai Ɗan Tani ya gani. Tsohon ya yanko murfin tano, kafin la'asar ya gama, ya zo da kansa ya kafa a teburin Illa. Maigida yana kwance a tabarmata yana kallo, ranar jikin da sauƙi.

"Kaka Maƙeri, mi kake yi?"

"Kujera nike yi wa wanda ya cije ka, ya zamna wuri ɗaya."

"Shi anka yi wa kujera? Ni da anka ciza ina ƙasa?"

Ɗan Tani ya yi dariya har da tari. Ya ce wannan jikan naki, in ya girma alƙali za a yi.

Sati na uku munka fara ɗaga hannu muna godiya. Ciwon ya yi ja, sabuwar fata ta fara tsirowa daga gefe, warin ya tafi. Majo ma ya ce ya ga alama. Yaron ya maida ni ɗakina, ya ce amma da sharaɗin in riƙa sa sukari a koko. Illa ya koma guga, ƙarfe na zaune a kujerarsa.

Akwai abin da na sani ban nuna ba. In na shiga ɗaki yin sallar walaha, Rabi takan ɗauke shi ta kai bayan rumbu ta ba shi koko da hannunta. Ina jin ƙarar ludayi a bakin ƙwarya, ina jin tana hura mishi. Sai in tsawaita addu'a don ta samu ta gama.

Wata safiya ta zo ta durƙusa nesa da ni, idonta a ƙasa.

"Inna, ludayin nan kamar ya yi girma."

Na ce ta ɗauki ƙaramin. Da yamma ta sake zuwa.

"Inna, ko kokon ya cika kauri?"

Na ce ta ƙara ruwa. Abin da take son faɗi shi ne bakin yaron ba ya buɗuwa. Amma in ta faɗa haka, ta nuna ke nan tana ba shi abinci, tana duba fuskarsa, a gaban uwar mijinta. Sai ta bi ta kan ludayi. Sai da gari ya waye na je tada shi, na ga leɓunansa sun ja baya, haƙora a waje.

"Maigida, dariyar mi kake yi da sassafe?"

Ba dariya ba ce. Wuyansa ya sandare kamar icce.

Wannan karon Majo bai yi faɗa ba, ya karɓe shi daga bayana ya wuce layi da shi. Shirun nan nasa ya fi faɗan tsorata ni. Anka kira babban likita, ya duba, ya faɗi wata kalma da ta zauna mini a kunne: tetanos. Majo ya fassara mini. Ya ce wani ciwo ne da ke zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, in ya samu ƙofa a jiki sai ya shiga ya yi kwanto, fata na warkewa a sama shi yana aiki a ƙasa. Na tambaya ko da mun zo jiya da an tare shi. Ya ce, "Inna, jiya ta fi yau. Shekaranjiya ta fi jiya. Sauran na Allah ne."

Sunka sa mu a wani ɗan ɗaki, anka toshe taga da bargo. Ba a son haske, ba a son motsi. Ko ƙofa anka buga a nesa, sai jikinsa ya ɗauka, bayansa ya lanƙwashe kamar baka, ɗan yaron da bai fi tulu nauyi ba sai mu biyu, ni da Illa, mun riƙe. In ya sake shi, ya yi ta haki yana dubana, hankalinsa garau. Wannan ne ya fi ci mini rai. Yana sane da komi. Ana yi mishi pikir, ana ɗiga mishi madara ta gefen haƙori. Wani maganin an ce yana hanya daga Yamai, ruwa ya ci hanya, kamiyon, babbar motar da ta ɗauko shi, ya kafe. Mushe Yohanna ya yi ta zirga-zirga wurin waɗanda ya sani. Madam ce ke kawo mana abinci, Ɗan Tani ma ya zo ya zauna a waje ya ƙi shiga, ya ce wannan ba wuta ba ce, ba shi da iko da ita.

Rannan likita ya shigo, ya dube ni, ya yi tambaya. Majo ya ce, "Wai ina uwarsa?"

Tana waje. Tun da anka kwantar da mu, kullum Rabi na zuwa ta tsaya can gindin wani gawo a bakin katanga. Kin san gawo da damina, ko ganye ɗaya babu. Rana ta dake ta, yayyafi ya jiƙa ta, in an tambaye ta sai ta ce kwanon Inna ta zo karɓa.

Na fita na same ta.

"Rabi, taho ki shiga."

"Inna, kwanon..."

"Bar zancen kwano. Shiga wurin ɗanki."

Ta ja mayafi ta rufe baki. "Inna, mutane na gani."

"Mutanen nan, wace ce cikinsu ta yi naƙudarsa? Ni kike jin kunya, ko? To na ɗauke miki. In abin faɗa ne a faɗa a kaina. Wuce."

Sai da na kama hannunta na ja. Ta shiga ta durƙusa a bakin gado, ba ta san inda za ta sa hannuwanta ba. Ni na ɗauki na dama na ɗora a kansa. Na ce a hankali, kada ki firgita shi. Ta sunkuya kusa da kunnensa. Sannan, da muryar da ko numfashi ya fi ta ƙarfi, ta ce:

"Sha'aibu."

Idonsa ya zo kaina, ya ga ba ni ba ce. Ya je kan ubansa. Sannan ya sauka a kanta ya tsaya. Ta tsakanin haƙoran nan da sunka ƙi buɗuwa ya ce:

"Rabi, ashe kin san sunana?"

Illa ya tashi ya fita. Ni dai ban san yadda na yi ba.

Daga ranar ba ta sake barin gadon ba. Ta yi ta kiransa, kamar mai biyan bashin shekara huɗu, shi kuma in ya samu sauƙin numfashi sai ya amsa da ido. Ranar Juma'a, ana dawowa daga masallaci, ya cika a cinyarta.

Wurin zaman makoki Rabi ta koma bakin murhu tana dafa wa baƙi abinci, ido a bushe. Ina jin mata suna raɗa: "Kun ga ɗiyar mutunci? Ko ɗigo ɗaya." Na sha jin yabon nan a rayuwata, ni ma na sha yin sa, amma ranar ji na yi kamar ana zuba mini garwashin a kunne. Hajo ta zo, ta kasa haɗa ido da ni, ta koma Affala kafin a watse. Ban riƙe ta ba. Abin da ta sani ta kawo, da ƙauna ta kawo shi. Sai dai ina roƙonki, in wuta ta taɓa naki, ki je a yi tofi in kina so, amma kada ki bari a barbaɗa komi, ki wuce gidan likita ko da za a zage ki a gaban layi. Zagin Majo ba ya kashe kowa.

In kuma akwai mai guga a gidanku, a kai wa maƙeri murfin tano. Aikin wuni ɗaya ne, bai kai kuɗin kaza ba. A tada mishi baki, a kafe shi a jikin tebur, ba a ɗora kawai ba. Wasu abokan sana'ar Illa sun zo sun gani sun je an yi musu. Wasu sun ce gwangwani ya ishe su, ajali ne. Ajali ne, ban musa ba. Illa ma bai musa ba. Amma yanzu ko zai amsa sallama sai ya zaunar da ƙarfen, ya girgiza teburin, ya duba ƙarƙashinsa, alhali ba kowa a gidan da zai shiga can.

Rabi tana nan, tana da ciki ma. Ba ta yi mini zancen yaron ba ko sau ɗaya. Sai dai in tana daka ita kaɗai a bayan rumbu, tana tsammanin taɓarya ta rufe muryarta, ina ji. Kowane bugu da sunan. Nakan bar kaɗin in shiga ɗaki in ja ƙofa, don ta samu ta faɗa da ƙarfi.

To ke da ke zaune da matar ɗanki, kina jin daɗi ana yabon kunyarta, ki ba ni amsa: in gobe jikanki ya kama bakin zanen nan, kina ba shi baya, da wane suna uwarsa za ta kira shi ya waiwayo?